Albashin Farkon Mikail

Ni ban yi boko mai nisa ba, allo ma ban sauke ba. Ajami dai ina karantawa, kuma tun ina yaro nake son jin labarin abin da ba a saba gani ba. Wannan son ne ya jefa bakina cikin abin da ya faru a gidan maƙwabcina Malam Ɗalha mai wankin hula, a Kabara. Har gobe in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Mikail shi ne ɗansa namiji tilo. Ya karanta kwamfuta a jami'a, ya zama cikin yaran nan da ke rubuta wa waya da kwamfuta umarnin abin da za su yi. Manhaja suke ce wa abin. Yana gama bautar ƙasa, aiki biyu suka fito masa a mako guda. Na farko wani ƙaramin kamfani ne nan Kano, albashin ba yawa, amma akwai manya da za su zauna su koya masa. Na biyu na Turawa ne, daga ɗaki zai yi aikin a biya shi da dala, sai dai ba mai koya masa, ranar da ya gaza kuma su sallame shi. Kowanne yana son yininsa cif. Kowanne ya ce ya ba da amsa kafin Juma'a.

Malam Ɗalha ya ce masa, "Ka yi istihara, ka ɗauki ɗaya."

"Baba, in na ɗauki na Kano dala ta wuce ni. In na ɗauki na waje, wata uku za su gane ban ƙware ba."

"To ɗauki wanda za ka iya. Ni shekara arba'in ina wankin hula, ban taɓa haɗa shi da wanzanci ba."

Da yamma yaron ya zo ya zauna a gefen tabarmata. Ya ce, "Baba Nata'ala, da ana raba mutum biyu, da an raba ni."

Sai na yi dariya, na ba shi labarin Ɗanladi Mai Tulu, wani boka da ke can ƙarshen Gwale, wanda aka ce an taɓa ganinsa a Kurmi da kasuwar Wudil a sa'a ɗaya. Don nishaɗi na faɗa, Allah shi ne shaida. Mikail bai yi dariya ba. Abin da ya biyo baya, daga bakinsa na ji, bayan aski ya riga ya wuce inda za a gyara.

Ranar Laraba ya tafi wajen bokan, da rana tsaka, lokacin da manya ke hana yara yawo. Wani tsohon zaure ne a bakin kududdufi, rabin rufinsa ya rufta. Ko tsuntsu ba ya kuka a wurin. A ciki komai biyu-biyu ne: ƙoƙon kan rago biyu, fatar bushiya biyu a rataye, baƙaƙen zakaru biyu a ɗaure, ba sa ko motsi. A tsakiya an binne tulu har wuya, an ɗaura masa jan ƙyalle. Wari kamar na jiƙaƙƙiyar fata.

Mikail ya ce, "Salamu alaikum, Malam."

"Ni ba malami ba ne, nan kuma ba a sallama. Leƙa tulun."

Ya leƙa. Fuska biyu ya gani a ruwan, duk nasa. Ɗaya ta firgita, ɗayar ba ta ƙifta ido.

Bokan ya ce, "Ga ma'aikacinka nan. Ba ya gajiya, ba ya kuskure. Kai ka tafi ofis, shi ya zauna a ɗaki."

"Nawa zan biya?"

"Me zan yi da kuɗinka? Tambaya ɗaya ce. Albashin farko na aikin nasa, ya za ka yi da shi?"

"Yadda kowa ke yi mana. A kai wa iyaye, a yanka rago, dangi da maƙwabta su ci su sa albarka."

Bokan ya yi murmushi, haƙoransa jajir. "Ɗa na gari. Kada ka fasa."

Ya zaro wata doguwar takarda cike da ajami ƙanana-ƙanana. "Ƙa'idar aikin ce. Karanta."

"Ban iya ajami sosai ba."

"In karanta maka?"

Mikail ya duba agogon wayarsa. Ya gaya mini cewa a sana'arsu kullum ana kawo musu dogon rubutu irin wannan a kwamfuta, ba mai karantawa, gangarawa ƙasa kawai ake yi a danna an yarda. Shi da kansa ya sha ɗora wa mutane irinsa.

"Bar shi, Baba. Ina zan sa hannu?"

"Sau uku ake tambaya. In karanta?"

"Na yarda."

"In karanta?"

"Na ce na yarda!"

Bokan ya tsaga masa babban yatsa, ya dangwala a takardar. Ya yanka zakara ɗaya a bakin tulu, ɗayan ya faɗi matacce ba a taɓa shi ba. Ya ɗebo ruwan tulun a ƙoƙo, ya fito da yaron cikin rana. Rabi ya ba shi ya sha, rabi ya tsiyaya wa inuwarsa. Ƙasar ba ta jiƙe ba.

Mikail ya karɓi aiki biyun. Da safe ya buɗe kwamfuta ɗaya a ɗakinsa, ya kulle ƙofa, ya saɓa ɗayar ya tafi ofis. Wata na ƙarewa dala ta shigo. Aka yanka raguna, aka dafa shinkafa, aka bi gida-gida da kwanuka. Malam Ɗalha ne ya fara sa hannu, sai Khadijat ƙanwar yaron, sai Nana Hauwa mahaifiyarsa. Cikin shekara aka rushe katangar ƙasa aka ɗora bene. Mota ta zo, ta kasa shiga lungun, ana ajiye ta a bakin titi.

Nana Hauwa ce ta fara tsarguwa. Ta ce da ni ta kan katanga, "Malam Nata'ala, da idona na ga fitar Mikailu, amma tun safe nake jin ƙas-ƙas-ƙas a ɗakinsa. Har magana yake da Turanci."

Sai Malam Ɗalha ya fara tsufa. Ba ciwo ba, tsufa. Mutumin da ke ɗaukar buhun huluna a ka, cikin wata shida baya ya ranƙwafa, ido ya dushe, haƙora suka zube. Likitoci suka ce jikin ɗan shekara casa'in suke gani. Bai kai sittin ba muka kai shi makwancinsa.

Bayan arba'in furfura ta fito wa Khadijat, yarinya 'yar shekara goma sha tara. Wata rana da hantsi, ƙarar ɗakin ta ishe ta, ta ɗauko makullin ajiya ta buɗe. Ihunta har Shahuci aka ji shi. Da muka shiga tana zaune a ƙasa tana nuna kujera, tana cewa, "Yaya ba ya ƙifta ido. Yaya ya ce saura ni kaɗan." Mu kujera kawai muka gani, da maɓallan kwamfuta suna nutsewa da kansu. Hankalin Khadijat bai dawo ba. Da damina ta rasu, fuskarta kamar ta kakarta.

Ranar sadakar uku Mikail ya zo mini da takardar da bokan ya ba shi.

"Baba, don Allah karanta mini."

Na sa tabarau. Layi na bakwai ne ya ce: ɗan Adam yini ɗaya aka ba shi a kowace rana. Yini na biyu, da ƙarfin yinsa, daga kwanakin waɗanda suka ci albashin farko za a riƙa yanko shi, kowane yini da wata guda. A fara da wanda ya fara sa hannu, a bi su ɗaya bayan ɗaya har kwanon ƙarshe.

Takardar ta faɗi daga hannuna. Ni ma an kawo mini kwano. Har ƙashi na tauna.

Mikail ya ruga ya rubuta wa Turawan cewa ya ajiye aiki. Suka amsa da raha, wai ai da safen nan ya karɓi ƙarin girma, har sun ga fuskarsa yana godiya. Ya ɗauki taɓarya ya farfasa kwamfutar. Washegari da safe ƙas-ƙas-ƙas ta tashi a ɗakin da ba komai sai tarkace. Ya koma Gwale, ya zube gaban bokan.

"Ka tsayar da shi! Ka karɓi gidan, ka karɓi motar!"

"Wa ke yin aikin, kai ko shi?"

"Shi."

"To mai yin aiki shi ke ajiye shi. Je ka roƙe shi. Sai dai na gaya maka, ba ya gajiya."

Nana Hauwa ta bi mijinta da 'yarta kafin azumi. Bayanta matar liman, wadda aka fara kai wa kwano a waje. Mutanen lungun suka fara lissafin wa aka kai wa kafin wa. Wasu sun tashi sun koma Ɗorayi, amma na ji can ma furfurar ta iske su. Benen yana nan a kulle, ba mai saye, ba mai haya. Mikail kuwa yana yawo ba takalmi tsakanin Kabara da Shahuci, yana tsayawa a ƙofar kowane gida yana cewa, "Ku yafe mini, ban karanta ba." Kamfanin Kano sun daɗe da sallamarsa.

Ku samari masu kwamfuta a jaka, da ku nake. In aiki biyu suka zo muku, ku nemi zaɓin Allah, ku ɗauki ɗaya, ku bar ɗayan ya wuce ga mai rabo. Duk wanda ya ce zai ba ku fiye da yini ɗaya a rana, daga jikin wani zai yanko shi, kuma ba daga jikin baƙo ba. Kwaɗayin mutum ɗaya ya cinye uba da uwa da ƙanwa, yana cin unguwa yanzu. Ni ban san ko kwanona na nawa ba ne. Na dai tuba, na sayi likkafanina, na gaya wa liman inda na ajiye shi.