Najaha da Mai Jar Mota

Ranar kasuwar Matameye, da hantsi, aka ji wani gurnani ya taso daga hanyar Ɗan Barto. Masu rake suka ɗago kai, 'yan kabu-kabu suka ja gefe. Sai ga wata mota ja jawur, doguwa, cikinta kamar zai shafi kwalta, tana ƙyalli kamar yanzu aka ɓare ta daga leda.

Munkaila ne a ciki, zuciyarsa fal. Rani bakwai ya ci a Abuja yana shimfiɗa tayil a gidajen masu hali, gwiwa a ƙasa, yana kallon irin wannan mota a farfajiyarsu yana cewa wata rana. Yau ga ranar ta zo. Ya saye ta ta hannu a Kano, ya sallami jami'an duwan a kan iyaka, ya taho gida a gan shi.

Aka kuwa gan shi. Daidai ƙofar shagon kayan mota na Alhaji Sallau, motar ta yi tari sau biyu ta mutu, tururi ya turnuƙe ta gaba. Ya fito da sauri ya ɗaga kapo, marfin injin, ya kai hannu ga murfin ruwa.

"Malam, in kana son fuskarka kada ka taɓa murfin nan."

Ya waiwaya. Wata budurwa ce doguwa, da shuɗin mayafi, riƙe da wata 'yar na'ura mai igiya. Idanunta na dariya ko da bakinta bai yi ba. Munkaila ya manta da tururi, ya manta da 'yan kallo.

"Ke ce bakanikiyar?"

"Ɗiyar bakanike ce, mai shagon nan. Sunana Najaha. Shekara biyu na yi a Zinder ina koyon lantarkin mota. Matsa in gani."

Ta jona na'urar a ƙarƙashin sitiyari, ta duba, ta leƙa injin, ta girgiza kai.

"Pampon ruwa ne ya tafi. Babu irinsa a nan, babu a Zinder, sai Kano. Jikka saba'in na sefa har kuɗin aiko."

"Saba'in? Na pampo kawai?"

"Ai ba ka ga komai ba tukun," in ji ta, wannan karon da dariyar a fili. "Irin wannan, in tana tafiya sarauniya ce, in ta tsaya sai addu'a."

Ya biya yana murmushi kamar wanda aka yi wa kyauta, ya karɓi lambarta don ya riƙa jin labarin pampo. Kafin la'asar saƙonsa ya shiga wayarta:

"Malama Najaha, pampon bai iso ba?"

"Malam, awa uku kenan da aikawa. Ba tsuntsu ba ne."

"To ni na ga tun ɗazu zuciyata ma tana zafi. Na'urar taki tana duba irin wannan?"

"Tana duba mota kaɗai. Ka sha ruwan sanyi."

Bayan kwana huɗu motar ta tashi. Ranar Munkaila ya taka ta a kan kwaltar Zinder, ta miƙe kamar kibiya, iska na kaɗa masa hula, yana ihu shi kaɗai. Wallahi in tana lafiya babu kamarta. Sai dai lafiyar ba ta daɗewa. Ya je Kurni gaida mahaifiyarsa, Inna Shekara, hanyar burji ta cinye amortisar biyu na gaba, masu tare girgiza, jikka ɗari da ashirin. Ya sha man kwalba na bakin hanya, injin ya fara shaƙewa, aka wanke, aka canja buji, wato fulogi, guda shida. Bayan nan fitilar gargaɗi ta kunnu ta ƙi mutuwa, gilashin ƙofa ya sauka ya ƙi hawa.

Kowace matsala a shagon Alhaji Sallau take ƙarewa, kuma Munkaila bai taɓa zuwa da ɓacin rai ba. Yakan zauna a benci da ƙullin rake, Najaha na aiki yana ba ta labarin Abuja. Daga Malam aka koma Yaya Munkaila, shi kuma ya raɗa mata Zinariya.

"Yaya Munkaila, tsakaninka da Allah, kai kake lalata ta don ka zo?"

"Zinariya, da ni nake yi, ai da na zaɓi abu mai araha."

Ta yi dariya har ta dafa mota. Sannan ta yi ƙasa da murya. "Ka sayar da ita. Ba ta hanyarmu ba ce, ba ta man da muke sha ba ce. Ni ko a ƙafa ka zo zan fito."

"Rani bakwai fa, Zinariya. Ita ce shaidar ban yi zaman banza ba."

Ta sunkuya ta ci gaba da aikinta.

Da damina ta kankama ya tura kawunsa Ummaru neman izinin aurenta. Alhaji Sallau ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam Ummaru, yaron nan ba ni da abin faɗa a kan halinsa. Amma shekara talatin na yi kwance a ƙarƙashin mota, na san wadda ke ciyar da mai ita, na san wadda mai ita ke ciyarwa. A shagona kaɗai ya zuba kusan rabin miliyan a wata uku. Wanda bai iya ce wa ƙarfe ya isa ba, da me zai riƙe gida? Ga Salim ɗan Alhaji Marwan ya yi magana, na ce su ba ni lokaci."

Salim ɗan babban dillalin wake ne, yana da farar mota mai ƙarfi da ba ta san garaji ba. Da labari ya iso wa Munkaila, abinci ya ƙi shiga. Da yamma saƙon Najaha ya zo:

"Sahibina, Baba bai ce a'a ba, cewa ya yi bai gamsu ba. Ni kuma na gamsu. Ka yi haƙuri, ka yi tunani a kan maganata."

Sati bai cika ba giyar motar ta fara fizga, ta maƙale a ta biyu. Najaha ta ce kwamfutar giya ce, sabuwa sai an yi odarta daga waje, kuɗinta ya kusa sayen babur biyu. Munkaila ya kwana biyu bai leƙa shagon ba don kunya. A rana ta uku yana tsaye a tasha, sai ga farar motar Salim ta wuce ta nufi Zinder, Najaha a gaba, tana dariya.

Nan take ya rubuta mata:

"Na gan ki. Ashe gaskiya ne, mota mai lafiya ake bi. Allah Ya sanya alheri."

Amsa ba ta zo ba sai washegari. Wani ɗan kabu-kabu ya kawo masa ƙunshi a leda, da takarda a ciki. Kwamfutar giya ce ta hannu.

"Babu motar Zinder a tasha, gwaggona ta roƙi Salim ya rage mana hanya, tana kujerar baya in ka duba da kyau. Wuni na yi a wurin masu tsoffin motoci ina tona maka wannan. Ka kai wa wani ya ɗaura. Najaha."

Ba Zinariya, ba Sahibi. Ya kira sau goma ba a ɗauka ba. Ya aika ban haƙuri har wayarsa ta yi zafi, shiru. Wani bakanike ya ɗaura masa kayan, mota ta tashi lafiya lau, amma ranar ko kaɗan bai ji daɗin gurnaninta ba.

Ranar Laraba da azahar aka kira shi daga Kurni. Inna Shekara ta faɗi a gona, numfashinta na sama-sama. Ya figi motar, cikin ƙanƙanen lokaci ya isa, aka kwantar da ita a baya, ya juyo. An yi ruwa da safe, hanya duk kududdufi. Ya shiga wani da bai kai gwiwa ba, motar ta shaƙi ruwa, fitilun gabansa suka kunnu gaba ɗaya, ta mutu.

Ya murɗa, ya sake murɗawa. Ko tari ba ta yi ba.

"Munkaila," in ji Inna da ƙyar, "mun iso?"

"Mun kusa, Inna."

Ya buɗe ƙofa, ya goya ta a bayansa, ya ɗaure ta da zanenta, ya shiga taɓo da gudu. Ƙofa a buɗe, makulli a jiki, bai ko waiwaya ba. Ya yi tafiya mai nisa yana haki yana salati, kafin ya ji hon a bayansa. Wata tsohuwar akori-kura ce mai fenti kala uku. Alhaji Sallau ne, ya dawo daga gyaran injin ban ruwa a wani ƙauye.

"Sa ta a gaba, maza! Kai hau baya!"

Suka isa asibitin Matameye a kan lokaci. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Da aka ce Inna ta buɗe ido, Munkaila ya zame a jikin bango ya fashe da kuka, taɓo har wuya.

Alhaji Sallau ya zauna kusa da shi. "Na wuce motarka a buɗe. Ba ka tsoron a kwashe ta?"

"Baba, su kwashe. Abin da ya kasa kai uwata asibiti, me zan yi da shi?"

Tsohon ya dafa kafaɗarsa, ya tashi ya leƙa Inna.

Kafin magariba sai ga Najaha da kwanon kunu da fura. Ta gaida Inna, ta gyara mata matashi, ta ba ta a baki. Da ta fito ya biyo ta.

"Zinariya, na yi miki mummunan zato. Ba ni da hujja ko ɗaya."

"Ka san abin da ya fi ba ni haushi? Har farce na karya a wurin tonon nan."

"Zan biya."

"Da me? Motar ta bar maka wani abu?"

Suka kwashe da dariya tare, har wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce a tuna asibiti ne.

Aka janyo motar da akori-kurar Alhaji, Najaha ta kwana uku tana busar da wayoyinta har ta tashi. Munkaila ya sa ta kasuwa. Wanda ya fara tayawa ya ba kowa mamaki: Salim. Ashe tun ranar da motar ta shigo gari take ransa, kuma a zatonsa ita ta ja hankalin Najaha. Munkaila ya zaunar da shi a gaban Alhaji Sallau, ya lissafa masa duk ciwon da ke jikinta, tun daga pampo har giya, bai ɓoye ko ɗaya ba.

"Ka ji fa," in ji Alhaji. "Kada gobe ka ce an rufe ka."

"Na ji, Alhaji. Ina so a haka."

Kuɗin bai kai rabin abin da Munkaila ya kashe ba, amma ya isa ya kama shago kusa da tasha, ya cika shi da tayil, ya sayi babur. A makon ya samu aikin shimfiɗa a wani sabon masallaci, daga nan aiki ya riƙa kiran aiki. Da kaka ta yi, Alhaji Sallau da kansa ya aika wa Malam Ummaru cewa su turo.

Najaha ce ta riga kowa faɗa masa:

"Sahibina! Baba ya ce ku zo ranar Juma'a! Ya ce wanda ya faɗi aibin kayansa a gaban mai saye ba zai ci amanar ɗiyar mutane ba. Ina ta tsalle, Gwaggo ta ce in natsu, na kasa!"

Ya karanta a kan aiki, ya yi kabbara da ƙarfi har siminti ya zube.

Aka ɗaura aure bayan an gama girbin gero. Matameye ta cika, mutanen Kurni suka zo mota biyu, abokan cin raninsa suka taso tun daga Abuja. Inna Shekara, da aka ce ta zauna ta huta, ita ce a tsakiyar fili tana rawa, mata na guɗa. Salim ma ya zo ɗaurin aure, a bayan ɗan kabu-kabu, ya ce jar motar na jiran wani kaya daga Kano.

Da la'asar aka kai ango da amarya gaban Alhaji Sallau. Ya kama hannun Najaha ya ɗora a na Munkaila, ya ce:

"Ga ta nan. Tana da baki, amma gaskiya take faɗa, ka riƙa saurara. Ke kuma mijinki ne, ki riƙe shi da mutunci. Shago kuma ban sallame ki ba, da safe ina jiran ki in an gama amarci."

Aka yi dariya, aka shafa fatiha. Najaha na ƙarƙashin lulluɓi, hawaye na zuba, amma Munkaila ya ji ta matse yatsunsa.

"Yaya Munkaila," ta raɗa, "da gaske ne?"

"Da gaske ne, Zinariya. Tashi mu je gida."

Guɗa ta tashi har maƙwabta. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, Ya sa gidansu ya zama inuwa ga iyayensu, amin.