Haƙoran Rijad

A bakin kogin Neretva Almedina ta fara ganin Rijad, ranar da ƙawarta Belma ta ja ta shiga jirgin roba tare da Sedin, saurayin Belma, da abokansa. Shi ya ɗaure mata igiyar hular kwano yana dariya.

"Sunana Rijad. In kin faɗa ruwa ni za ki kira. Matuƙin nan yana da mata."

Ta sunkuyar da kai.

Kafin su tashi matuƙin ya ja musu kunne: ko me zai faru, kada tafin hannu ya bar kan filafili. Da suka isa inda ruwa ke tafasa tsakanin duwatsu, gashinta ya zubo mata a fuska, ta kuma lura Rijad na kallonta. Sai ta saki kan filafilin don ta gyara. Jirgin ya yi tsalle, filafilin ya wuntsila ya sami bakinsa.

Haƙora biyu na gaba suka tafi, aka ɗinke masa leɓe. A asibitin garin Konjic, da mahaifiyarsa Inna Hasiba ta iso a ruɗe, ya ce mata da dutse ya yi karo. Abokai duk suka yi shiru. Almedina ma ta yi shiru.

Daga nan ta fara kai masa miyar kaza da kuɓewa, tunda ba ya iya tauna. Inna Hasiba ta ɗauke ta kamar 'yar cikinta. Tana zuba mata kofi tana cewa, "Yarinya mai tausayi, Allah ya yi miki albarka. Ba kamar Sedin ba, da ya kai min ɗa cikin duwatsu." Har ta daina gaisawa da mahaifiyar Sedin, maƙwabciyarta tun suna amare, ta rantse ba za ta taka bikin Belma ba.

Duk sanda ta sa mata albarka, sai Almedina ta kawar da kai.

Wata safiya saƙon Rijad ya shigo: "Tsuntsuwata, na gaya wa Mama ke nake so. Don murna har ta ƙona pitar da take gasawa."

Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa: "Rijad, wadda take so ba ni ba ce. Ni na cire maka haƙora, Sedin ke shan zagi. Zan faɗa mata."

"Kada ki soma, zuciyata. Haƙora likita zai dasa. Ke in na rasa ki, wa zai dasa min wata?"

Ta ajiye wayar. Ta yafa gyale ta tafi.

Ta sami Inna Hasiba tana yanka kabeji. A tsaye ta faɗi komai. Matar ta ajiye wuƙa a hankali.

"Kina zaune a nan kina shan kofina, ina zagin ɗan mutane a gabanki?"

"E, Inna."

"Ɗauki tukunyarki ki tafi."

Aka rufe maganar aure. Rijad ya yi roƙo har ya gaji. Ya turo mata: "Na ji haushinki, amma ina nan." Almedina ta yi kuka, ta rame, sai dai ko sau ɗaya ba ta ce da ma ta yi shiru ba.

Bayan kwanaki Inna Hasiba ta aiko a kira ta. Ta same ta a ƙofa da shigar unguwa, riƙe da ƙullin kofi da sukari, irin wanda ake kai wa gidan da za a nemi sulhu.

"Abu ɗaya zan tambaye ki. Me ya sa kika saki?"

Almedina ta kalli ƙasa. "Gashina ne ya zubo. Shi kuma yana kallona."

Tsohuwar ta juya ga ɗanta da ke laɓe a bayan ƙofa. "Kai kuma, wawulo, ana cikin ruwa ina idonka ya tafi?" Ta miƙa wa Almedina ƙullin. "Riƙe. Gidan su Sedin za mu. Ke ki faɗi naki, ni in faɗi nawa. Nawa ya fi nauyi."

Da kaka, bayan bikin Belma, aka ɗaura auren Rijad da Almedina. Ana cikin walima wata gwaggo da ta zo daga nesa ta leƙa fuskar ango, ta tambayi abin da ya sami leɓensa. Almedina ta dubi Inna Hasiba.

Inna Hasiba ta dafa kafaɗarta. "Aikin 'yata ne wannan, da bakinta ta gaya min. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai gaskiya irinta. Ci abincinki, Hajiya."