Inci Takwas da Rabi

"Sake min hannu, Odessa!"

Ban saki ba. Ƙara danne tafin na yi a kan tebur, na ja tef ɗin awo daga kan babban yatsansa zuwa kan ƙaramin.

Inci takwas da rabi. Yadda yake jiya, yadda yake shekaranjiya.

"Kin gani ko?" Lucius ya faɗa yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Wata biyu kina murza shi kamar ƙullin biredi, ko gashi ɗaya bai ƙaru ba."

"Zai ƙaru, masoyi. Jijiya ce, ba a yi mata gaggawa."

"Saura mako bakwai a tafi gwaji..." Ya sunkuyar da kai. "Madam Corinne ta samo likita a Houston. Ran Litinin za a miƙar min da yatsan."

Tef ɗin ya suɓuce daga hannuna.

Duk wanda ya tashi a garinmu Opelousas ya san Lucius Arceneaux, mai jefa ƙwallo a wasan ƙwallon Amurka, wanda ya ɗauki ƙaramar jami'armu a kafaɗa shekara uku. Ya san kuma cewa manyan ƙungiyoyi ba sa son majefin da taƙin hannunsa bai kai inci tara ba. Wai ƙwallo za ta zame masa ranar ruwa ko ranar sanyi. A makon gwaji na birnin Indianapolis za su tuɓe wa yaro riga, su auna tsayinsa da nauyinsa da damtsensa, su sa shi gudun yadi arba'in, sannan su ce buɗe hannu. Rabin inci kan mayar da ɗan gaban goshi abin tausayi ranar zaɓen 'yan wasa.

Shi kuwa Lucius ƙaramin yatsansa na dama a lanƙwashe yake kamar ƙugiya. Muna 'yan shekara tara ƙofar motar coci ta taho za ta datse ni, ya tare da hannunsa. Tun ranar yatsan bai miƙe ba, ni ma tun ranar zuciyata ba ta koma wurinta ba.

"Lucius, ni ce mai gashin ƙashin ƙungiyarku, na san hannun nan fiye da kai. Da wannan lanƙwasar kake kama ɗinkin ƙwallo. In aka miƙar da shi za ka samu incinka tara, amma jifarka ta tafi!"

"Ta ce za ki faɗi haka."

"Wa?"

"Ni," aka amsa daga bakin ƙofa.

Madam Corinne ce, wakiliyarsa, da dogon takalminta da turarenta mai hawa kai. Tun ranar da ta fara ganina take kirana "yarinyar tausa", ni kuma a zuciyata nake kiranta ungulu da jaka.

"'Yar ƙanwata, ban ga laifinki ba," ta ce tana murmushi. "In ya tafi babban birni wa zai tuna da ke? Gara ya zauna nan yana koyar da yaran sakandare, kina kai masa shinkafa da jan wake."

Na juya wurinsa. Kalma ɗaya nake jira, ɗaya tak.

Bai ɗago ba, yatsansa kawai yake kallo.

Na ɗauki jakata na fita, ban yarda hawayen ya zubo ba sai da na shiga mota.

A gida ma ba sauƙi na tarar ba. Babana, Koci Guillory, shekara talatin ya yi yana zagaya jami'o'i yana duba wa manyan ƙungiyoyi 'yan wasa. Ya yi ritaya, amma tef ɗinsa bai yi ba, yana nan cikin aljihun rigarsa ko coci za shi. Kankana ma sai ya auna ta kafin ya saya.

"Na gaya miki tun farko," ya ce yana ɓare jatan lande a baranda. "Yaron kirki ne, ban musa ba. Amma takwas da rabi? Ba mai ɗaukarsa. Zai shekara biyar yana bin ƙungiyoyi da jaka a kafaɗa, ke kina gida kina tsufa. Ban yarda ba."

"Baba, mutum zan aura ko katako?"

Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Bar shi, 'yata. Ranar da ya zo neman aurena ma tsayin babana ya fara tambaya."

"Eulalie, ki daina ɓata min suna a gaban yarinya."

Ban yi dariya ba. Na durƙusa a gabansa na gaya masa maganar Houston.

Hannunsa ya tsaya cak.

"Yanka za su yi masa? Saboda tef?"

"Saboda irin tef ɗinka, Baba."

Na san na yi masa rashin kunya, amma zuciyata ta riga ta kawo wuya. Na ɗauka fushi ya yi. Can ya goge hannu da tsumma.

"Akwai wani yaro a Mississippi, shekara ashirin ke nan. Ban taɓa ganin mai jifa irinsa ba. Na auna shi, na rubuta layi ɗaya, hannu ya yi ƙanƙanta. Ko kallon wasansa na biyu ban tsaya yi ba. Yanzu tayoyi yake sayarwa, kuma duk Kirsimeti sai ya aiko min da kati... Da zagina yake yi da ya fi min sauƙi."

Ya miƙe.

"Ki ce wa saurayin naki ya zo gobe bayan coci. Eulalie, a cika min firiza da ƙanƙara."

Tun da na fita na bar shi ba mu yi magana da Lucius ba, saƙon ma a taƙaice na tura. Amma washegari ƙarfe ɗaya na rana sai ga shi da rigar cocinsa, idanunsa sun faɗa. Madam Corinne na biye da shi, takalminta na nutsewa a ciyawa.

Baba ya rataye tsohuwar taya a reshen bishiya, can ƙarshen fili. Ga bokiti uku cike da ruwan ƙanƙara, ƙwallaye na iyo a ciki. Ya kafa tsohuwar kyamararsa, ya miƙa wa Mama tiyon ban ruwa.

"Barka da rana, Koci," Lucius ya ce a ladabce.

"Riƙe gaisuwarka. Tsoma hannu a nan har sai na ƙirga sittin. Sun ce ruwa da sanyi za su ƙwace maka ƙwallo, to ga ruwa ga sanyi. Jifa talatin."

"Wannan ai wasan yara ne!" Madam Corinne ta ce. "Gobe da safe jirginmu zai tashi."

"Baiwar Allah, matsa gefe, matata ba ta iya saiti ba."

Mama kuwa ta nuna lallai ba ta iya ba, sai da ta jiƙe mata siket sharkaf kafin ta juya tiyon kan Lucius.

Ya zaro hannu yana karkarwa, ya ɗauki ta farko. Na ga ƙaramin yatsan ya laluba ɗinkin ya maƙale, yadda na sani.

Fiu! Ta tsakiyar taya.

Ta biyu. Ta biyar. Ta goma sha biyu. Ruwa na dukan fuskarsa, leɓensa na rawa, ni kuma ina ƙirgawa da ƙarfi kamar mahaukaciya. Ta ashirin da uku ta bugi gefen taya, na rufe ido. Sauran bakwai duk suka wuce.

Ko sau ɗaya ƙwallo ba ta zame ba.

Baba ya ɗauko sanda ƙarama da salatif, ya ɗaure yatsan ya miƙe sambal. "Ga abin da likitanka zai ba ka. Jefa."

Ƙwallon ta tashi tana tangal-tangal kamar kazar da aka jefa da dutse, ta faɗa cikin kabejin Mama.

Lucius ya tsaya yana kallon hannunsa. Sannan ya warware salatif ɗin a hankali, ya juya.

"Madam, ki soke Houston."

"Za ka yi da-na-sani, yaro. Ba zan wakilci takwas da rabi ba."

"To Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ya tako wurina yana ɗigar ruwa, ya tsaya kamar mai jiran hukunci.

"Dessa... jiya da na yi shiru..."

"Ka ƙona min rai, Lucius."

"Na sani, zumata. Tsoro ne ya kama ni. Tun ina yaro ake ce min komai nawa ya isa, sai ga rabin inci ya fi ƙarfina. Ki yafe min."

Na so in ja aji ko na minti biyar ne. Amma hannun nan ya yi jawur don sanyi, ban san lokacin da na kama shi na cusa cikin rigar sanyina ba.

A Indianapolis suka auna shi, takwas da rabi, aka yi ta yi masa ba'a a rediyo har mako guda. Baba kuwa zama ya yi ya aika faifan bidiyon gwajin bokitin nan ga duk wanda ya taɓa cin abinci da shi cikin shekara talatin, yana bin su da waya har suka fara gudunsa.

Zaɓen kwana uku ne a ƙarshen Afrilu. Rana ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. Ran Asabar gidanmu ya cika, tukunyar gambo, miyar kuɓewar nan tamu, ta huce ba wanda ya taɓa. Zagaye na huɗu, na biyar, sunayen waɗanda ba su kai shi ba suna ta wucewa a talabijin. Ya riƙe hannuna har yatsuna suka yi tsami.

"In ba su kira ba fa?" ya raɗa min.

"Sai mu ci gambo, gobe mu sake shiri. Ina nan."

Ana tsakiyar zagaye na shida wayarsa ta yi ƙara. Wata babbar ƙungiya ce ta yankin sanyi.

"Na'am... Ni ne, ranka ya daɗe... Dusar ƙanƙara? A'a, ba na tsoronta, surukina ya riga ya gwada ni!"

Ihu ya tashi, Mama ta yar da ludayi tana "Na gode Yesu!" Ni kuwa kuka nake yi ina dariya, sai daga baya kalmar ta dawo min. Surukina?

Baba ma ya ji. Ya taso a hankali, ya zaro tef daga aljihu.

"Buɗe hannu."

Lucius ya buɗe, yatsan nan na nan a lanƙwashe.

Baba ya dubi tef ɗin, ya dubi hannun. Sai ya ajiye tef ɗin a kan talabijin, ya kamo hannuna ya ɗora a tafin Lucius, ya naɗe yatsunsa a kai ɗaya bayan ɗaya, har da ƙaramin.

"Ya isa," ya ce. "Wannan kam kada ka bari ta zame."

"Tun ina shekara tara nake riƙe da ita, Koci."

"Daina ce min Koci. Baba za ka ce, ɗan nema."

A watan Yuni aka ɗaura mana aure. Tef ɗin yana nan kan talabijin har yau, Mama ce kawai ke ɗauka in za ta auna labule.