Wa Ya Goge Hausa Daga Shafin 'Yan Kayayo?

Insfekta Umoru bai gama karin kumallo ba, Malam Kamaluddin ya faɗo ofishin 'yan sanda na unguwar Asawase yana haki.

"Yallaɓai, an sace mana Hausa!"

"An sace me?"

Da ƙyar Insfekta ya gane zancen. Kamaluddin shi ne shugaban wata ƙungiya mai taimakon 'yan kayayo, matan da ke dakon kaya a kasuwar Kejetia. Shafinsu na intanet yana gaya wa matan inda za su sami asibiti da wurin kwana, da Turanci da Twi da Dagbani da Hausa. Jiya Hausar ta ɓace gaba ɗaya.

"Nasira ce, mai yi mana fassara," in ji shi. "Na yi mata faɗa, ta rama. Ka kulle ta."

Insfekta ya ture kokonsa, ya bi shi yana tsaki.

A ofishin ƙungiyar suka sami Nasira idonta ya kumbura.

"Ina kike jiya da rana?" in ji Insfekta.

"Ina unguwar Atonsu, wajen bikin sunan ɗan yayata. Yallaɓai, shekara guda ina wannan aiki. Masu ciki suna ta kirana tun safe, ba su ga ranar awo ba. Ni zan goge?"

Basiratu, mai kula da kwamfuta, ta ce da sunan Nasira aka shiga, amma daga kwamfutar ofishin, wadda ke shiga shafin da sunan Nasira da kanta.

"Ke kina ina?"

"Ina nan ban motsa ba."

"To a gabanki aka goge ke nan."

Basiratu ta sunkuyar da kai. "Na ɗan fita kitso."

"Ya Allah! Akwai mai faɗin gaskiya a gidan nan kuwa? Wa kika bari?"

Ta saci kallon Kamaluddin.

"Ni waya na zo caji," ya ce da sauri.

"Faɗan me ka yi wa Nasira?"

"Hausarta! Ta rubuta 'mace ya zo'. Ni da na yi karatu a Kano zan bar wannan a shafina?"

"Haka matan ke magana, Baba," in ji Nasira. "Su na rubuta wa."

"Ke yi shiru! Gogewar nan ba kuskure ba ce, Yallaɓai, da gangan ta yi. Ai sai da jan rubutu ya fito ya tambaye ta ko ta tabbata."

Insfekta ya juya. "Basiratu, yaushe jan rubutun yake fitowa?"

"Sai mutum ya danna goge harshe."

"Malam, kai da ka zo caji, a ina ka gan shi?"

Kamaluddin ya cire hula, ya share zufa, ya zauna.

"Kalma ɗaya na so in gyara. Na ga an rubuta Hausa, na danna maɓallin da ke gefe, na zaci shafin zai buɗe. Ya tambaye ni da Turanci, ban tsaya karantawa ba. Wallahi hannuna ne ya riga ni."

"Kuskure ba laifi ba ne. Amma ka tako har ofishina ka ce in kulle yarinyar mutane. Wannan kam laifi ne."

Basiratu ta kira kamfanin da ke riƙe musu shafin. Da suka ji ranar da abin ya faru, suka mayar da tsohon kwafin da suke ajiyewa. Kafin azahar Hausa ta dawo, ban da shafukan awo da haihuwa, waɗanda Nasira ta gama bayan an ɗauki kwafin. Su kam sun tafi.

"Tashi mu je, Malam," in ji Insfekta.

A bakin ƙofa Kamaluddin ya waiwayo. "Nasira, 'yata, ki yafe mini."

Ba ta ɗago ba. Ta ja kujera gaban kwamfutar, wayarta tana ta ringi.

"Sai na gama shafin awo, Baba. Insfekta, don Allah ka riƙe shi har in gama."