Abin da Aka Kira Kunyar Ɗan Fari

"Malam, cewa kake yi ɗiyata ta haukace?" Gogo ta tambaya daga bayan asabari.

Sabitu na durƙushe a ƙofar ɗakin kamar yadda ya kamaci suruki, amma zuciyarsa tafasa take yi. Ya ce shi bai ambaci hauka ba. Cewa ya yi matarsa Lauratu ba ta da lafiya.

Daminar 1987 ce, gab da a yanke jihar Katsina daga Kaduna. Lauratu na gidan iyayenta a Kurfi tana wankan jego bayan haihuwar ɗansu na fari, shi kuwa yana koyarwa a Dutsin-Ma, sai ƙarshen mako yake hawo babur ya zo. Tun ranar suna ba ta dubi jaririn ba. In an miƙo mata shi ta shayar, sai ta juya fuska ga bango. Matan unguwa kuwa sai yabo, wai ga yarinya mai kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Gogo har alfahari take yi.

Yabon nan shi ya fi ƙona wa Sabitu rai. Mai kunya takan saci kallon ɗanta in idon mutane ya kau. Lauratu ko satar ba ta yi. Ta bar abinci, ta bar kitso, kuma a zuwansa na baya ta tambaye shi ko yaron ba zai fi jin daɗi ba in babu ita.

Ya ciro rikoda daga jaka. Ya bayyana cewa a wani shirin lafiya na rediyo ya ji wata mata da aka sakaya sunanta tana ba da labarin kanta, shi ne ya ɗauka a kaset. Gogo ta ce ita ba ta haɗa zuri'arta da masu tona asirinsu duniya na ji ba, kuma in maganar nan ta fita, wa zai auri ƙannen Lauratu?

"Ki gafarce ni, Gogo. Ke bakin mutane kike tsoro, ni kuwa likkafani."

Bai taɓa mayar mata da magana ba sai ranar. Ya danna rikodar.

Matar da ke cikin kaset ɗin ta ce da ta haihu kowa na murna, ita kuwa kamar an rufe ta a rumbu. Ta ɗauka ita muguwar uwa ce, har wata nas ta fahimtar da ita cewa ciwo ne da ke kama wasu masu jego, kuma ana warkewa.

Asabarin ya motsa. Lauratu ta fito tana dafa bango.

"Malam... wa ya gaya mata abin da ke cikina?"

"Ba kowa, Laurena. Kuna da yawa, shiru ne ya raba ku."

Ta juya ga mahaifiyarta. "Gogo, ba kunya nake ji ba. Ba na jin komai... Kuna ta yabona, ni kuwa nutsewa nake yi."

Gogo ta jawo mayafi, ta goya jaririn, ta ce wa Sabitu babur ɗinsa ba zai ɗauke su duka ba, ya je bakin titi ya tsayar da mota.

A asibitin Dutsin-Ma wata nas mai suna Salomi ta karɓe su. Ta saurari Lauratu ba tare da ta katse ta ba, ta haɗa ta da likita, sannan ta gabatar da ita ga wasu mata da suka taɓa shiga irin halin. Sauƙin bai zo da gaggawa ba. Sai bayan an kai amfanin gona gida Lauratu ta fara dariya.

Wata ranar Asabar Sabitu ya shigo gidan ya tarar da ita a tsakar gida, gaban maƙwabta, tana cilla yaron sama tana kiran sunansa, Mahmuda, sunan da al'ada ta hana ta faɗa.

"Marar kunya!" in ji Gogo, tana share hawaye da bakin zane.