Furen da Ba Ya Taɓa Ƙasa

Mai lambun da nake yi wa aiki ya nuna min hoton wani farin fure. Ya ce ba ya tsirowa a ƙasa, jikin bishiya yake maƙalewa, saiwoyinsa na reto a iska. In na samo shi, ba zai sallame ni daga aiki ba.

Kwana uku ina shiga kurmi. Ran na ukun rana ta faɗi, hanya ta ɓace min. Sai wani ƙamshi mai sanyi ya cika wurin, tsuntsaye suka yi tsit.

"'Yata, fure kike nema?" wata tsohuwa ta ce daga bayana.

"E, Kaka."

"Biyo ni. Daina rawar jiki, na riga na ci abinci." Ta yi dariya.

Ban iya kallon babba a ido ba, don haka na bi ta kaina a sunkuye. Busassun ganye na yin ƙara a ƙarƙashin takalmina, amma ita ba a jin takunta. Na dubi bakin zanenta. Babu ƙafa, sai fararen saiwoyi suna reto, ba sa taɓa ƙasa.

"Ɗago kai mana," ta ce. "Ai kin samo ni."