Na Bakwai a Bakin Kogi

Duk Gubuchi an san lambar yabon Saje Ilisha. A yaƙin basasa ya goya sojoji shida da aka harba, ya haye kogi da su ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa faɗa wa kowa su bakwai ne ba.

A shekarar da sabulu ma sai an bi layi, dare ya yi masa a kan keke, yana dawowa daga Makarfi. Wani mutum a gefen hanya ya ɗaga hannu.

"Baba, a rage mini hanya."

Ya hau baya, amma keken bai ƙara nauyi ba. Tsakiyar rani ake, sai ga warin taɓon kogi. Ruwa mai sanyi ya fara jiƙa wa Ilisha riga. Mutumin bai riƙe sirdi ba. Ya sarƙafo hannuwa ta wuyansa, ya kwantar da kai a kafaɗarsa, yadda mai rauni ke yi idan an goya shi.

"Ina za ka sauka?" in ji Ilisha.

"Tsallake, Saje. Kai ka ce in jira, yanzu za ka dawo."